Yadda Ake Samun Lantarki Daga Ƙanƙarar Duwatsun Alps

Mafi yawan mutane sun ɗauka cewa sai da babban kogi, kamar Kwara da aka tare a Kainji, ake samun wutar lantarki mai yawa daga ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tsawon gangara yana iya maye gurbin yawan ruwa. Za mu yi misali da madatsar Grande Dixence da ke cikin duwatsun Alps, a jihar Valais ta ƙasar Suwizalan.

An kammala ginin wannan madatsa a shekarar 1961, tsayinta kuwa mita 285 ne. Ruwan da take tarawa yana fitowa daga daskararriyar ƙanƙara da ke kwance a wurare 35 bisa tsaunuka. Idan zafi ya shigo, sai ƙanƙarar ta narke, a janyo ruwan ta hanyoyin da aka fafe cikin dutse, masu tsawon kimanin kilomita 100, zuwa tafkin da ke bayan madatsar. Tafkin yana ɗaukar lita biliyan 400.

Hikimar abin tana ga lokaci. Ruwa yana samuwa da zafi, alhali kuwa mutanen ƙasar sun fi bukatar wuta da hunturu. Saboda haka tafkin ya zama tamkar rumbu: a zuba da kaka, a ɗiba ranar bukata. In an buɗe, ruwan yakan biyo bututu ya gangaro mita 1,883 zuwa tashar Bieudron, wadda ta fara aiki a 1998. Ƙarfin faɗowar nan shi ke juya injunan da ke haifar da wutar.

Sai dai wannan ƙarfi yana tare da haɗari. A watan Disamba na 2000 bututun ya fashe, mutum uku suka rasa rayukansu, tashar kuwa ba ta koma aiki ba sai 2010.

Babbar barazana ita ce ɗumamar yanayi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. A yanzu narkewar tana ƙara wa tafkin ruwa, amma wannan cin iri ne, domin ƙanƙarar da ta taru cikin ɗaruruwan shekaru ake cinyewa. Ranar da ta ƙare, abin da sama ta zubar a shekara kaɗai zai rage wa madatsar.