Abin da Zai Fara Kashewa Shi Ake Fara Tarewa

A watan Fabrairun 1976, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi cikin gona a jihar Nebraska ta Amurka. Matuƙinsa, Dokta James Styner, likitan ƙashi ne, yana hanyar gida da iyalinsa. Matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji munanan raunuka. Da ƙyar ya tari mota cikin dare, suka isa wani asibitin karkara suka tarar da shi a kulle. Ko da aka buɗe, sai ya ga ma'aikatan ba su san ta inda za su fara ba.

Takaicin daren nan ne ya haifi kwas ɗin da aka soma koyarwa a 1978, wanda Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Amurka ta runguma a 1980 da sunan ATLS. Darasinsa guda ne: a bi raunuka bisa saurin kisansu, ko da wani ya fi muni a ido.

Don haka hanyar numfashi ce farko, in ba jini ne ke tsartuwa waje ba. Harshen wanda ya suma kan zame baya ya toshe maƙoshi, haka gudan jini ko amai, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna. Shi ya sa likita ke fara tambayar majinyaci sunansa. In ya amsa sarai, hanyar a buɗe take. Mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi tsit a gefe shi ne abin tsoro. Ana wannan, wani na riƙe da kai kada wuya ya motsa, domin karyayyen ƙashin wuya yana iya yanke laka.

Daga nan sai ƙirji. Haƙarƙarin da ya karye kan huda huhu, iska ta taru ta danne zuciya, kuma allura ɗaya da aka soka a daidai wurin tana iya kwance wannan.

Jini shi ne babban maƙaryaci. Baligi na da kusan lita 5, amma karayar cinya kaɗai kan shanye fiye da lita guda ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Ciki da ƙugu sun fi haka ɓoyewa. Matashi mai ƙarfi zai yi ta magana, awon jininsa lafiya lau, alhali tafinsa ya yi sanyi, zuciyarsa na gudu. Da can ledar ruwa ake ta ɗura masa. Yanzu an gane yawan ruwa na tsinka jini ya hana shi daskarewa, don haka ƙarin jini da gaggawar tiyata aka fi so. Sanyin jiki ma yana hana daskarewar, abin da ya kamata masu kwara wa wanda ya yi haɗari ruwa a bakin titi su sani. Lulluɓe shi ya fi, tare da danne inda jini ke tsartuwa da tsabtataccen ƙyalle.

Sai a auna hankali da ma'aunin Glasgow na 1974, daga maki 3 zuwa 15, a yanke tufafi a duba har baya.

A 2010, gwajin CRASH-2 a kan majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, ya nuna cewa wani magani mai araha, tranexamic acid, yana rage mutuwa daga zubar jini. Sharaɗinsa a ba da shi cikin awa uku, kuma lissafin daga lokacin haɗari yake farawa. Duk mintin da aka ɓata wajen ɗaukar hoto da waya, ko jiran rahoton 'yan sanda, daga awa ukun nan ake cirewa, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti a Nijeriya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.