Ƙwannafi: Abin da Kowane Manomi Ya Kamata Ya Sani

A ƙasar Garki, da damina ta kankama, manomi yakan yini a gona, ya dawo da magariba da yunwa, ya cika ciki da tuwon gero da miya mai yaji, sa'an nan ya kwanta. Can cikin dare sai ya ji ƙirjinsa na zafi kamar an sa garwashi, ruwa mai tsami yana tasowa har maƙogwaro. Wannan shi ne ƙwannafi.

Ga yadda abin yake. Tumbi yana yin wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narka abinci. Tsakanin tumbi da bututun da abinci ke bi akwai wani zoben nama mai rufewa kamar bakin jaka. In zoben ya saki, ko ciki ya cika fiye da kima, sai ruwan ya hauro ya ƙona bututun. Yawan mai, da barkono, da goro, da taba, da giya, da ƙiba, duk suna tsananta shi. Haka kuma sunkuyo da fartanya bayan an ƙoshi. Mata masu juna biyu ma sukan sha fama da shi.

Da yawa cikinmu mukan jiƙa kanwa mu sha. Gaskiya ne takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba ta gyara zoben. Tana kuma da gishiri mai yawa, wanda ke cutar mai hawan jini. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saye ranar kasuwa, irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac, suna cin bangon tumbi, har su jawo gyambon ciki.

To, ƙaƙa za a yi? A raba abinci kaɗan-kaɗan, a ci wani a gona da rana, kada a tara yunwa sai dare. A bar sa'a 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. A ɗaga kan gado da tubali kamar inci 6 zuwa 8, a kwanta ta gefen hagu. Kowa ya lura da abin da ke tayar masa, ya rage shi.

In ƙwannafi yana zuwa sau 2 ko fiye a mako, a ga ma'aikacin lafiya. Akwai magani mai rage tsamin, kamar omeprazole, wanda ake sha da safe kafin karin kumallo. Kada a wuce kwana 14 ana sha ba tare da shawararsa ba.

Amma in haɗiya ta yi wuya, ko ana aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko mutum yana ramewa, a tafi babban asibiti a Ringim, ko Gumel, ko Dutse, ba jinkiri. Ciwon ƙirji mai sauka hannu tare da gumi, wataƙila zuciya ce: a tafi nan take.

Shugabannin ƙungiya, ku karanta wa 'yan'uwa wannan a taro na gaba. In akwai mai bukatar kuɗin mota zuwa asibiti, ku taimaka masa daga asusun ƙungiya. Lafiya uwar jiki.