Bayan ƙuri'a ta kau, wa ke jin koken 'yan kasuwar Gure?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu kasa kaya a kasuwar Gure, kun san dai harkar mulki a Nijar ta sake salo. Abin tambaya shi ne: in kuɗin tikitin kasuwa ya ƙaru ko aka taɓa rumfar mutum, ƙofar wa zai buga?

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, talaka na da kansila da magajin gari waɗanda ya ɗora da hannunsa. In sun yi masa ba daidai ba, sai ya jira ranar zaɓe ya rama. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, wanda ya taɓa wakiltar Tasker, maƙwabciyar Gure, a majalisar dokoki. Aka jingine tsarin mulki. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi daga Yamai. A watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Tiani kan wa'adin shekara 5.

Ba mu kaɗai ba ne. Mali da Burkina Faso sun riga mu bin wannan hanya, kuma ƙasashen uku suka kafa ƙawancen AES a 2023, suka fice daga CEDEAO a Janairu 2025. 'Yan kasuwa ba su manta da rufe iyakar Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2024 ba, lokacin da kayan masarufi suka yi tsadar gaske.

Masu goyon bayan sauyin na cewa 'yan siyasa sun daɗe suna alƙawari ba cikawa. Masu suka kuwa na cewa wanda ba kai ka naɗa ba, ba kai za ka sauke shi ba.

Ko ma wanne ne, haƙƙin mai biyan haraji bai faɗi ba. Ki karɓi rasit duk sa'ad da kika biya, ki adana shi. Ku ƙarfafa ƙungiyoyinku, ku zaɓi shugabanni masu amana. Ku bi ta hannun sarkin kasuwa, masu unguwanni da sarakunan gargajiya, domin har gobe hukuma na sauraronsu. Koken mace ɗaya na iya ɓacewa a bakin ofis, amma na mata ɗari da takarda a hannu da wuya a yi biris da shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka.