Feshin Magani da Sankarar Ɓargo: Jan Hankali ga Manoman Filato

Duk wanda ya zagaya gonakin dankalin Turawa a Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi da damina zai ga masu feshi goye da tanki, da yawansu ba safar hannu, ba abin rufe hanci. An saba gargaɗinsu kan jiri da ƙaiƙayin fata. Amma akwai illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru.

Mayeloma sankara ce da ke tsirowa cikin ɓargon ƙashi. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, maza sun ɗara mata, kuma baƙar fata sun ninka Turawa wajen kamuwa da ita. Waɗannan ba yadda manomi zai yi da su. Feshi kuwa yana hannunsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya gano cewa baƙon furotin da kan riga cutar bayyana a jini ya kusan ninka a jikin masu feshi idan aka kwatanta da sauran maza. Binciken bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba, amma ya isa a yi hattara.

Cutar kan fara da ciwon baya da kasala, sai manomi ya ɗauka gajiyar huɗa ce, ya dinga shan maganin ciwon jiki daga kemis, alhali wasunsu na ƙara lalata ƙodar da cutar ta riga ta raunana.

Zuciya ma ba ta tsira ba. Ƙarancin jini kan tilasta mata aiki fiye da kima. Kalsiyam da ke fita daga ƙashi kan rikita bugunta. A wasu majinyata furotin ɗin kan taru a naman zuciyar har ta ƙage, sai ƙafafu su kumbura, mutum ya riƙa haki ko a ɗan hawan tudu. Wasu magungunan cutar ma kan jawo gudan jini, shi ya sa likita ke auna zuciya kafin a fara su.

Malamin gona, idan ka ga dattijo da ciwon ƙashi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga haki da kumburi, ka shawarce shi ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a gwada jini da fitsari. Mai feshi kuma ya sa riga mai dogon hannu da takalmin roba, ya bai wa iska baya, kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki, sannan ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama.