Yadda Za A Gyara Aikin Kwamfuta A Ma'aikatun Gwamnati

Tun zamanin En'e an san cewa ƙarfin mulki yana ga littafi. Hakimin da malaminsa ya tsare littafin ƙidaya ba ya jin kunya ranar bincike. To, yanzu littafin nan ya koma cikin kwamfuta, har albashi da fansho da katin ɗan ƙasa duk ta can suke bi. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su fahimci abin da ke sa irin wannan aiki ya yi kyau ko ya lalace, gama idan ya lalace su ne talakawa za su fara kai wa kuka.

Abin Da Ya Faru A Ingila

A shekarar 2002 Gwamnatin Ingila ta ƙudura za ta haɗa takardun marasa lafiya na asibitocin ƙasar cikin tsari guda. Aka ba waɗansu manyan kamfanoni kwangila daga London, ba a kuwa yi cikakkiyar shawara da likitocin da za su yi aiki da abin ba. Aikin ya yi ta jan jiki, kamfanoni biyu suka fita, har ɗaya daga manyan sassansa ba a kai ga ƙarshe ba. A 2011 aka ba da sanarwar rushe shi. Lissafin da aka gabatar wa Majalisa a 2013 ya nuna kuɗinsa ya kusa fam biliyan 10. Ƙasar nan tana da kuɗi da masana, amma rashin tsari ya kayar da ita.

Tsarin Albashi Na Nijeriya

A cikin watan Afrilu 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma tsarin biyan albashi da ake kira IPPIS, da taimakon Bankin Duniya. Dabarar da aka yi ita ce farawa da ma'aikatu 7 kaɗai, sa'an nan aka riƙa ƙara waɗansu sannu a hankali. Ko wane ma'aikaci sai ya zo da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, albashinsa kuwa ya wuce banki kai tsaye. Bayan da aka soma ba masu ajiya a banki lambar BVN a 2014, sai aka sami abin gwada sunaye. A watan Fabrairu 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta bayyana cewa ta cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, abin da ya rage wa baitulmali naira biliyan 2.29 ko wane wata.

Amma fa tsarin ya gamu da cikas a jami'o'i. Ƙungiyar malamansu, watau ASUU, ta ce an yanka rigar ne daidai jikin ma'aikacin ofis, ba ta yi wa malamin da ke zuwa wata jami'a koyarwa na ɗan lokaci ba. Gardamar nan tana cikin dalilan yajin aiki na 2020 da na 2022, ɗalibai suka yi watanni a gida. A watan Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta yarda a fitar da jami'o'i daga tsarin.

Ƙa'idodi Biyar

Na farko, a san bukata kafin a sayi kaya. Ma'aikata ta fara rubuta abin da ke damunta, ko jinkirin fansho ne ko ɓatan fayil, sa'an nan ta nemi na'urar da za ta yi maganinsa. A Tarayya an wajabta wa ma'aikatu su nemi amincewar hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 aka yi mata doka a 2007, kafin su shiga irin wannan aiki, domin kada ma'aikatu biyu su biya kuɗin abu guda.

Na biyu, a ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya wanda aka san sunansa, a kuma bar shi a kujerarsa har ya gama. Idan ana canja shugaba ko wace shekara, ranar da abu ya ɓaci ba a san wanda za a tambaya ba.

Na uku, a fara da kaɗan. A gwada a gunduma ɗaya ko ofis ɗaya, a ga inda ya cije, a gyara, kana a wuce gaba. Ɗan kwangila kuma a biya shi kashi kashi, ko wane kashi bayan an ga aikin yana tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a tambayi waɗanda za su zauna gaban na'urar tun kafin a sa hannu a takarda. Malamin gunduma ya san ƙauyen da babu wuta ko intanet, ya kuma san mutum nawa ne ke amsa suna ɗaya a unguwa guda.

Na biyar, a ware kuɗin gyara da na horon ma'aikata na shekarun gaba, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan da aka tara na Gwamnati ne, ɗan kwangila zai miƙa su duka ranar da ya tashi.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Kwamfuta ba ta san gaskiya daga ƙarya ba, abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Idan malami ya rubuta Mamman a wata takarda, ya rubuta Muhammadu a wata, na'ura za ta ɗauka mutum biyu ne, har tsoho ya rasa fanshonsa. Don haka lalle malamai su rubuta suna da shekarar haihuwa iri ɗaya a ko wace takarda, su kai labarin rasuwa da na ƙaura da wuri. Hakimi kuma, idan masu rajista suka sauka ƙasarsa, ya tara Dagatai da masu unguwa ya bayyana musu amfanin abin. In ya ga an ajiye na'ura tana shan ƙura, ko ana karɓar kuɗi inda aka ce kyauta ne, sai ya rubuta wa Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma ba da jinkiri ba.