Yadda Amurka Ke Auna Rashin Ɗalibi Kafin Ta Biya Masa Karatu

A Amurka, ɗan talakan da ya samu gurbin jami'a yana iya karɓar har dala 7,395 a shekara daga gwamnatin tarayya, kuma ba bashi ba ne. Ba wanda zai biyo shi da takardar biya ranar da ya kama aiki. Ba a tambayarsa ko shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Abin da ake son sani kawai shi ne ko gidansu na da halin ɗaukar nauyin karatunsa. Wannan shi ne tallafin Pell, wanda ɗalibai sama da miliyan 6 ke cin moriyarsa duk shekara.

Nan ya sha bamban da sikolashif ɗin da muka saba ji, wanda ake ba mai hazaƙa ko ɗan asalin jiha kaza. Hazaƙa, sakamakon jarrabawa zai nuna ta. Asali kuwa akwai takardar ƙaramar hukuma. To rashi fa, da me ake shaida shi? Duk wanda ka tambaya ko yana buƙatar taimako zai ce ƙwarai kuwa, har wanda direba ya sauke a bakin ƙofa. Dole a samo ma'auni, kuma a wurin awon nan ne ake yi wa talaka adalci ko a cuce shi.

Tushen tsarin dokar ilimi mai zurfi ce ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. Shi kansa tsohon malamin makaranta ne da ya koyar da 'ya'yan talakawa a Teksas. A 1972 Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, wanda ya fito daga gidan masu hannu da shuni, ya jagoranci gyaran da ya haifar da tallafin, aka sa masa sunansa a 1980. Sabon abin da ya zo da shi shi ne kuɗin ɗalibi suke bi. Ba a miƙa wa jami'a a ce ta zaɓi wanda ta ga dama; duk makarantar da yaro ya samu shiga, in dai gwamnati ta amince da ita, can haƙƙinsa zai same shi.

Ƙofar shiga ɗaya ce: fom ɗin da ake kira FAFSA, wanda ake cikewa kyauta a intanet kowace shekara. Ana duba abin da iyaye suka samu shekara biyu da suka wuce, kamar yadda suka bayyana wa hukumar haraji, da yawan mutanen da ke ci a tukunyarsu, da ajiyar banki da hannun jari. Gidan da iyali ke zaune ciki ba ya shiga lissafi, haka ma kuɗin da aka tanada don ritaya. Daga nan kwamfuta ta fitar da lamba guda. Iya ƙanƙantar lambar, iya girman buƙata, kuma tana iya gangarawa ƙasa da sifili har zuwa -1,500, don a bambance mai ɗan abin hannu da wanda ko na cefanen gobe ba shi da shi.

Mu ɗauki gidan mutum huɗu: miji direban tasi, mata mai aikin kula da tsofaffi, da 'ya'ya biyu. Gwamnati na da layin talauci da take fitarwa duk shekara, kuma a 2022 na gidan mutum huɗu dala 27,750 ne. Doka ta ce muddin samun gida bai wuce kashi 175 cikin 100 na wannan layi ba, yaro zai karɓi cikakken tallafi kai tsaye. Ke nan a kakar karatu ta 2024/2025, in abin da ya shigo gidan nan bai haura kusan dala 48,500 ba, magana ta ƙare. In uwa ce ita kaɗai ke riƙe da yaran, ana ɗaga mata zuwa kashi 225. Waɗanda suka ɗan haura ba a sallamarsu hannu rabbana; abin raguwa yake a hankali har ya tsaya a kan dala 740.

Sharuɗɗan da suka rage ba su da yawa, amma suna cizo. Dole ka kasance ɗan ƙasa, ko mai takardar zama ta dindindin, ko ɗan gudun hijirar da aka karɓa. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu daga Kano ko Maraɗi ba shi da rabo a ciki, komai rashinsa. Sai dai ya nemi abin da jami'o'i masu arziki irin su Harvard da Princeton ke bayarwa daga aljihunsu. Na digirin farko ne, kuma ba ya wuce zangon karatu 12, wato shekara shida. Wanda ya yi ta faɗuwa a kwasa-kwasai ana yanke masa. Fursunoni an hana su a 1994, aka dawo musu da shi a Yulin 2023.

Wanda ya fi ciwo shi ne sharaɗin shekaru. Duk wanda bai kai 24 ba, a idon doka ɗan gida ne, sai in yana da aure, ko 'ya'yan da yake ciyarwa, ko ya yi soja, ko maraya ne. A ce yarinya 'yar shekara 20 tana aiki a kanti, ita ke biyan hayar ɗakinta, ubanta na da kuɗi amma ya rantse ko sisi ba zai ba ta ba. Fom bai san da rantsuwa ba. Albashin uban za a lissafa, a ce ba ta da buƙata. Akwai dalili: in aka buɗe wannan ƙofa, kowane attajiri zai ce ya yafe ɗansa har sai an gama digiri. Amma sanin dalilin bai biya wa yarinyar kuɗin rajista ba.

Sai dai babban abin da ke raba talakan Amurka da tallafin nan ba waɗannan sharuɗɗa ba ne. Fom ɗin ne kansa. Shekara da shekaru tambayoyinsa sun haura 100, cike da yaren 'yan haraji, kuma wanda iyayensa ba su taɓa shiga jami'a ba shi ne ba shi da mai nuna masa. A 2008 wasu masana tattalin arziki, ciki har da Eric Bettinger da Bridget Terry Long, suka yi gwaji a ofisoshin kamfanin H&R Block da ke jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa, inda masu ƙaramin ƙarfi ke zuwa a cike musu takardun haraji. Wasu iyayen aka yi musu bayani kawai cewa ga abin da ɗanku zai iya samu. Wasu kuma aka zauna da su na 'yan mintoci, aka cike fom ɗin tare. Bayani zalla bai canza komai ba. Amma a gidajen da aka taya cikewa, yaran da suka kammala shekara biyu a babbar makaranta sun tashi daga kashi 28 zuwa 36 cikin 100. Ko kwabo ba a ƙara a kan tallafin ba.

Wannan ya sa majalisa ta yi dokar sauƙaƙa fom ɗin a Disambar 2020: a rage tambayoyi, a riƙa jawo bayanin haraji kai tsaye daga hukumar. Niyya mai kyau, amma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Fom ɗin da aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba bai fito ba sai ƙarshen Disambar 2023, kuma jami'o'i ba su fara samun bayanan ɗalibai ba sai Maris. Yaran da aka haifa a ƙasar amma iyayensu ba su da lambar shaida ta gwamnati suka kwashe watanni shafin na mayar da su baya. Masu binciken majalisa sun gano cewa a watanni biyar na farko, kusan kashi uku cikin huɗu na kiran wayar neman taimako ba wanda ya ɗaga.

Ga shi kuma kuɗin sun zaizaye. A tsakiyar shekarun 1970 cikakken tallafi na biyan fiye da kashi uku cikin huɗu na tsadar jami'ar gwamnati, har da ci da kwana. Yau bai kai sulusi ba, ragowar sai a ci bashi.

Nijeriya ta ɗanɗani wahalar awon nan ba da jimawa ba. Dokar lamunin ɗalibai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce sai wanda samun gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata, don haka ɗan masinja da mai shara, in dukansu suna aiki, ya fi ƙarfin taimako a idon doka. Aka kuma ce ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma a aiki. Ɗan manomin da ke can ƙauye, a ina zai samo su? Wanda ya san irin waɗannan mutane ai tuni ya samu mai biya masa. A Afrilun 2024 aka sake dokar, aka zubar da sharuɗɗan biyu, hukumar NELFUND ta buɗe shafinta a watan Mayu. Yanzu lambar JAMB da NIN da BVN ake nema, a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 a wata na kashewa, ba ruwa a kai, ya fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa.

A ganina cire sharuɗɗan daidai ne, amma gujewa awon aka yi, ba a warware shi ba. Ma'aunin Amurka a kan takardar haraji yake tsaye. A nan kuwa magidanci na iya samun abincinsa daga gona, ɗan kuɗinsa daga kasuwar mako, ga mata biyu da 'ya'ya goma sha da 'ya'yan ƙanensa marigayi, kuma babu ofishin da ya taɓa rubuta ko ɗaya daga ciki. Bashi ana iya ba kowa ba tare da awo ba, tunda zai dawo. Kyauta ba ta yiwuwa haka. Afirka ta Kudu, bayan zanga-zangar ɗalibai ta 2015, ta mayar da nata lamunin kyauta daga 2018 ga gidajen da samunsu bai wuce rand 350,000 a shekara ba, kuma tun daga lokacin take fama da koken waɗanda suka haura layin da kaɗan: sun fi ƙarfin tallafi, jami'a kuma ta fi ƙarfinsu.