Yini Guda a Gandun Lekki: Abin da Fadama ke yi wa Birnin Legas

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa wani malamin ilmin halittu ya ɗauki ɗalibansa 'yan aji biyar daga wata makarantar sakandare ta Kano zuwa Cibiyar Kare Halittu ta Lekki da ke Legas. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ce ta kafa wannan gandu a shekarar 1990. Faɗinsa hekta 78 ne, yana kuma kan wani zirin ƙasa da ke tsakanin Tekun Atlantika da babban tafkin Legas.

Da shigarsu, sai ɗaliban suka hau wata doguwar gadar katako wadda ta ratsa dajin, domin ƙasan wurin duk ruwa ne da taɓo. Birai ƙanana da ake kira mona suna ta tsalle a kan rassa. Jagoran gandun ya gargaɗe su da kada kowa ya sauka daga kan gadar, saboda akwai kadoji da macizai. Masu ƙarfin hali daga cikinsu har sun hau gadar sama mai tsawon mita 401, wadda ke lilo a tsakanin kawunan itatuwa.

Amma darasin ranar a ƙasa yake. Wata ɗaliba ta gane tukurwa, itaciyar da ake samun gwangwala daga gare ta, sai ta ce, "Malam, a gida idan ruwa ya kwanta a gonar masara sai ta yi rawaya ta mutu. Me ya hana waɗannan mutuwa?"

Amsar ita ce, saiwa ma numfashi take yi kamar sauran sassan tsiro. Tana samun iskar oksijin daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike kafofin nan, sai saiwar masara ta shaƙe, ta kasa jan abinci. Ita kuwa tukurwa tana fitar da wasu ƙananan saiwoyi da ke tsirowa sama, su leƙo bisa taɓo su shaƙi iska. A gaɓar tafkin Legas, inda ruwa ke da gishiri, akwai itatuwan da ake kira manguruf (ba mangwaro ba), masu saiwoyi kamar ƙafafu. Su kuma har tace gishiri suke yi, suna kuma riƙe laka don kada ruwa ya zaizaye gaɓa. A cikin saiwoyinsu ne 'ya'yan kifi da ƙaguwa da jatan lande ke ɓuya har su girma.

To, mai karatu na iya tambaya, ina amfanin wannan duka ga mutumin birni? Ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya kai kusan ninki biyu na wanda Kano ke samu, ga shi kuma ƙasarta ba ta ɗara teku tudu sosai ba. Fadama kamar soso take. Tana shanye ruwan, sa'an nan ta sake shi sannu a hankali. Amma yanzu gidaje da manyan tituna sun kewaye gandun, domin an cike yawancin fadamun Lekki da yashi an yi gini a kansu. Ruwan da ya rasa makwanci kuwa dole ya nemi wani. A watan Yuli na 2017, ambaliya ta mamaye titunan Lekki da Tsibirin Biktoriya, ta shiga gidajen jama'a.

Daga nan ne malamin ya tuna wa ɗalibansa itatuwan da ake dasawa jere a Jigawa da Katsina don tare hamada. Ya ce musu aikin iri ɗaya ne. A can itace na tare iska da rairayi, a nan kuwa yana tare ruwa.

Ajin da bai sami halin zuwa Legas ba, yana iya gwada wannan darasi a harabar makaranta. A shuka masara a gwangwani biyu, a huda gindin ɗaya, a bar ɗayan. Bayan ta tsiro, a riƙa ba su ruwa mai yawa daidai wa daida, ɗalibai kuma su rubuta launin ganyen kowanne da tsawonsa kullum har mako biyu.